Daga 'Yankuzo Zuwa Bakin Ruwan Tiga: Shirin Kwana Uku

Ƙanena, na ji kokenka. Kaka ta yi, masara da waken suya sun shiga buhu, aljihu ya ɗan yi nauyi, kai kuma ka gaji da zirga-zirgar 'Yankuzo zuwa Tsafe, Tsafe zuwa 'Yankuzo. So kake ka zauna a kan falalen dutse, ruwa shimfiɗe a gabanka iya ganin ido, tsuntsaye na shawagi, ba mai kiranka a waya. Ba almubazzaranci ba ne, kuma ba sai ka haura ƙasar waje ba. Sai dai mu da ke wannan yanki mun san hanya ba ta zama kamar da ba, don haka rabin tafiyar a gida za ka yi ta, da biro da waya. Ɗauko su mu fara.

1. Tsayar da wuri ɗaya.

Idan ruwa da duwatsu kake so a haɗe, Tiga za ka nufa, a ƙaramar hukumar Bebeji, kudu da birnin Kano. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye fili kimanin murabba'in kilomita 178. In ka tsaya a gefe ɗaya, wancan gefen sai dai ka hango shi dishi-dishi. Duwatsu sun kewaye wurin, ga na Rurum can ta ɓangaren Rano, manya-manya kamar an ɗora su da hannu. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da kake gani a kasuwa, da wannan ruwan ake nomansu.

In kwana uku ya yi maka yawa, fara da na gida. Dutsen Kwatarkwashi yana nan a ƙasar Bungudu, a kan hanyarka ta zuwa Gusau, kullum kana wuce shi a mota ba ka taɓa sauka ba. Garin da aka sani tun zamanin da da bikin kamun maiki, ga maɓuɓɓugar ruwa a jikin dutsen. Ka hau da hantsi, ka sauko kafin rana ta take, ka ƙarasa Gusau ka ci abinci, ka leƙa madatsar ruwan garin da ke kan Gulbin Sakkwato. Wuni ɗaya ya isa. Ni gwaji nake ɗaukar wannan: wanda ya yi haki a Kwatarkwashi ya san irin takalmin da zai saya kafin Tiga.

Akwai wuraren da za ka cire daga lissafi a yanzu, komai daɗin labarinsu. Dajin Kuyambana da tafkin dorina na Kalale a ƙasar Maru suna ciki. Kai ma ka san dalili: rashin tsaro. Haka dajin Falgore da ke kudu da Tiga: gandun namun daji ne na gaske, amma ba wurin da baƙo zai kutsa shi kaɗai ba ne. Sai da ma'aikatan gandun, sai kuma sun ce maka lafiya lau.

2. Nuwamba ce watanka.

A lokacin dam yana cike da ruwan damina, duwatsu ba su gama bushewa ba, zafi ya sauka, hazo bai yi kauri ba. Daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu iska na da daɗi amma hunturu kan rufe sararin, ka ɗauki hoto ya fito fari fat kamar an watsa gari. Maris zuwa Mayu kuwa dutse kan yi zafin da ba ka iya dafa shi da tafin hannu.

Damina ka bar wa manoma. Dutse na santsi, tsawa na son tudu, ruwa kuma ba shi da alƙawari. Manyanmu a Gusau ba su manta ƙarshen Satumbar 2006 ba, ranar da madatsar garin ta ɓalle bayan ruwa mai ƙarfi, aka rasa rayuka kimanin 40, gidaje ɗaruruwa suka tafi.

3. Hanya ita ce babbar magana.

Nan zan daɗe, ka yi haƙuri da ni. Daga Tsafe za ka bi ta Wanzamai, Yankara, Sheme, ka faɗa Funtuwa. Daga nan Zariya, sai ka hau titin Kano, a ratse zuwa Tiga kafin a kai birni. A taswira abu ne mai sauƙi. A ƙasa kuwa, yankin da ke tsakanin Tsafe da Funtuwa shi ne inda ake riƙe numfashi.

Gobe da safe ka je tasha. Ba wajen masu shayi ba, wajen direbobin da suka kwana a Funtuwa suka shigo yau. Ka gaishe su, ka tambaya: yaya hanya a kwanakin nan, ƙarfe nawa motoci ke fara wucewa, ina ne ake tsayawa a jira jami'an tsaro. Ka tambayi mutum uku daban-daban, ka karɓi lambar biyu daga cikinsu. In bakinsu ya zo ɗaya, ka riƙe. In ya saɓa, ka ɗauki maganar wanda ya fi tsoro.

Tsakanin Tsafe da Funtuwa kada ka zama motar farko, kada ka zama ta ƙarshe. Bari rana ta fito sosai, motoci sun fara kai da kawo, sannan ka shiga. Ka tsara yadda La'asar za ta same ka a cikin gari, ba a daji ba. Motar tasha za ka hau, wadda aka rubuta sunanka a takarda, ba ta bakin titi mai rahusa ba. In direba ya ce a dakata, a dakata, ba gardama.

Bakinka alaikum. Ban da abokan tafiya da mai masaukinka, mutum biyu kacal za su san ranar tafiyarka da ranar dawowarka: na gida ɗaya, amini ɗaya. Ba sanarwa a majalisa, ba "sai Kano in sha Allah" a Facebook ko a matsayin WhatsApp. Hotuna sai ka dawo ka kwana. Ka sa kaya na yau da kullum, ka bar shadda mai maiƙo da agogo mai ƙyalli a gida.

Katin shaida a aljihun gaba. Za ka wuce shingayen sojoji, 'yan sanda da Askarawan Zamfara. Gaisuwa, amsa gajera, ba ɗaga waya.

Tsarin da nake ba kowa: ranar farko tafiya, ka kwana a Zariya ko Kano wajen dangi. Rana ta biyu tun da Asuba ka nufi Tiga, ka wuni, ka koma masauki kafin Magariba. Rana ta uku gida. Akwai otal ɗin Rock Castle da aka gina a kan dutse yana kallon ruwan, ya cancanci ka je ka tsaya ka ba idonka abinci, amma kada ka ɗora kwananka a kan kowane masauki na bakin dam sai ka tabbatar ta waya da bakin wanda ke wurin.

4. Mutum uku zuwa biyar.

Kai kaɗai ba daɗi, ba kuma mai riƙe maka jaka. In kun haura shida, kun zama ayari, kowa da ra'ayinsa, mota ɗaya ba ta ɗauke ku. A cikinku a sami wanda ya san Kano ko Zariya. Tafiyar farko ka bar ƙananan yara. In ka ga wuri da idonka, badi ka ɗauko uwargida da su, kana gaba kana nuna hanya.

Kuɗi kashi uku: na mota zuwa da dawowa, na ci da masauki, sai na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa ko an ga kilishi mai kyau. Farashin mota na tashi da farashin mai, don haka tambayar jiya ba ta yau ba ce, ka ji daga bakin ɗan kamasho. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, a aljihu biyu daban. Mai kwale-kwale ba ya jiran sabis ya dawo kafin ka tura masa.

5. Jaka ɗaya, ta goyo.

Takalmi mai rufi da ƙasan roba mai kama dutse. Silifas na alwala ne kawai. Hula mai baki ko malfa. Riga mai dogon hannu, da rigar sanyi don safiyar bakin ruwa ta fi ta gari cizo.

Ruwan sha ya fi komai: aƙalla lita 3 ga kowane mutum. Kada faɗin dam ya ruɗe ka, ba na sha ba ne. Buta da ruwan alwala daban, dalili na zuwa a gaba. Ƙaramar darduma. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka, in kana da shakka kan hukuncin ka tambayi liman tun kana gida.

Guzuri wanda ba ya lalacewa: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, gurasa, soyayyar gyaɗa. Fura da nono a sha da safe, kada a kai ta rana. Sai ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu ko uku, farasitamol, bandeji, man shafawa na korar sauro, tocila, da batirin cajin waya cike. Leda babba ɗaya ta shara. Ka rubuta lambobin mutum biyu a takarda ka sa a aljihu, saboda waya na mutuwa, takarda ba ta mutuwa.

6. Da ka isa, gaisuwa tukuna.

Ruwa yana da masu shi. Akwai ma'aikatan da ke kula da madatsar, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are, akwai masu gadi, akwai masunta da Sarkin Ruwansu. Kada ka sauka daga mota ka zaro waya ka hau ɗaukar ginin dam da ƙofofinsa. Wurin gwamnati ne, ana iya tsare ka a yi ta tambaya har rana ta yi. Ka yi sallama, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, ka tambayi inda aka yarda baƙo ya taka.

Daga nan ka nemi mashayar masunta. Ka gaida babbansu, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Zamfara, mun zo ganin ruwa." Ka roƙa a haɗa ka da saurayi ɗaya ɗan gari ya yi muku jagora, ku yi ciniki tun kafin ku ɗaga ƙafa. Wannan ɗan kuɗin shi ne mafi albarka a duk tafiyar. Shi ya san inda laka ke haɗiye ƙafa, inda ƙasa ke yankewa ta zama rami, da dutsen da in ka hau za ka ga ruwan gaba ɗaya.

Matan da ke wanki ko sayar da kifi, ba a ɗaukar su hoto sai da izini. In an ce a'a, a'a ce.

7. Kwale-kwale: ƙidaya kafin ka shiga.

Shiga jirgi shi ne daɗin tafiyar, shi ne kuma inda ake asara. A ƙarshen Nuwambar 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, nan jihar Kano, aka rasa fiye da mutum 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa.

Saboda haka ka duba da idonka. In bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ka fita, ko ka riga ka biya. In ana kwarfar ruwa daga cikinsa ba ƙaƙƙautawa, ka nemi wani. Ka tambayi rigar kariya daga nutsewa, ka sa ta, ka ɗaure igiyoyin, ko da matuƙin zai yi maka dariya. In babu riga, ku tsaya kusa da gaɓa, ban yarda a ratsa tsakiya ba. Da safe ake shiga, lokacin ruwa na kwance. Da yamma iska kan taso, kuma a ruwa mai faɗin Tiga igiyar ruwa ba wasa ba ce. A cikin jirgi ba a miƙewa tsaye don hoto, ba a sauya wuri, ba a taruwa gefe ɗaya don an ga kifi.

Iyon da ka koya a gulbin garinku da damina, ka bar shi can. Ruwan dam na da sanyi a ƙasa, da itatuwan da ya shanye, da tsofaffin komar masunta da ke naɗe ƙafa.

8. Ruwan na ido ne, ba na jiki ba.

Ga dalilin butar nan. Ruwan da ke kwance, mai ciyayi a gefe, gidan ƙananan katantanwa ne, su kuma ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai ka sha ba. Ta fata take shiga, kana wanka, kana wanke ƙafa, ko kana tsaye a ruwa iya idon sawu. Ba za ka ji komai ba a ranar. Bayan makonni sai zazzaɓi, daga baya fitsari da jini. Da can a ƙauye ana cewa alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara.

In tsautsayi ya sa ka jiƙe, ka goge jiki da tawul nan take, ka sa abin a ranka. Ka ga alama, ka je asibiti a gwada fitsari. Maganinta Praziquantel, ana auna shi da nauyin mutum, shi ya sa ba a saye a sha da ka.

9. Tsuntsaye ba sa son ɗan gayu.

In namun daji ne suka kawo ka, ka daidaita buri. Ba za ka ga giwa a Tiga ba, wannan sai Yankari. Abin da ke nan tsuntsaye ne, kuma Nuwamba kakarsu ce. Ban da na gida, akwai baƙi da ke ƙetaro Sahara daga Turai suna gudun sanyin can, su yi watanni a ruwayenmu, su koma wajen Maris da Afrilu. Ruwan Tiga ɗin nan shi ke gangarawa ya haɗu da na Challawa ya zama Kogin Hadeja, har fadamun Hadeja da Nguru inda suka fi taruwa.

Dabarar ɗaya ce: ka riga su zama. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9 ne lokacin. Ka sami gindin dutse ko itace, rana a bayanka, ka zauna ka yi shiru minti 20. Waya a kashe mata sauti. Farar riga kal da jar hula ka bar su a jaka, ka sa mai ruwan ƙasa. Da farko za ka ce ba komai. Can sai ka lura wancan sandan da ke tsaye a ruwa zalɓe ne, yana jiran kifi ya yi kuskure. Belbela na bin shanun da aka kawo shayarwa. Kirinjijiya na wucewa garke guda da fito kamar 'yan makaranta an tashi. Shirwa na kewaya saman masu gyaran kifi. A gefen ruwa guza na shan hantsi, a cikin duwatsu in da rabo ka ga rema ko jan biri. Shamuwa kam kada ka neme ta, ta bi damina ta yi kudu.

Wanda ke da madubin hangen nesa a cikin abokai, a lallaɓe shi ya zo da shi. In babu, ido ya isa. Danƙo da gwafa a bar su gida, ba farauta aka zo ba. Biri ba a ba shi abinci, yau ka miƙa masa gurasa, anjima ya zo ya ɗauki jakar. Duk babban ruwa kuma ka ɗauka akwai kada a ciki har sai masunta sun nuna maka inda ba ya fitowa.

10. Hawan dutse, a hankali.

Ka hau da safe, jagora na gaba. Hawa ba ya wahala kamar sauka, don haka duk inda ka taka ka tambayi kanka yadda za ka dawo ta nan. Kada ka cusa hannu a kogo ko tsagar dutse, kada ka ɗaga dutse da hannu. Kunama da kububuwa nan suke fakewa.

In maciji ya sari wani: ba tsagawa da reza, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe ko agogo, a kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa a nemi allurar kashe dafi. Tun da safe ka tambayi jagora ina asibitin yake, ka kuma karɓi lambar ɗan acaɓa ɗaya.

11. Kifi.

Kada ka baro Tiga ba ka ci kifinta ba. Ƙarfasa ko tarwaɗa da aka fito da ita yanzu, a soya a gabanka, da yaji da albasa. Na tsaraba kuwa banda za ka saya, busasshe ƙamas, ka karya ɗaya ka duba ciki ba tsutsa ba danshi. Ɗanyen kifi ba zai kai 'Yankuzo da mutuncinsa ba, kuma fasinjoji ba za su yafe maka ba. A naɗe bandar a takarda, a sa a kwali, ba a leda ba.

Ledar ruwa, robar lemo, ƙashin kifi, duk a babbar ledar nan. Saniyar wani ce za ta haɗiye abin da ka yar.

12. Dawowa, da aikin gobe.

Azahar ta yi, a yi salla, a fara haɗa kaya. Na san lokacin ne wurin ke ƙara kyau, wani a cikinku zai ce a ƙara rabin awa. Kai ne za ka ce a'a. Daren ranar ka kira direban Tsafe da ka karɓi lambarsa ka ji labarin hanya, da safe ka sake kira kafin ka bar Funtuwa. In an ce a jira, ka ƙara kwana, kuɗin ko-ta-kwana na wannan ranar ne. Ka tura wa na gida saƙo a Zariya, a Funtuwa, da a Tsafe.

Gobe da safe abu huɗu ne a gabanka. Ka je tasha ka yi tambayar nan, ka dawo da lambar direba biyu. Ka kira ɗan'uwan da za ka sauka wajensa a Zariya ko Kano. Ka zaɓi abokan tafiya ka faɗa musu a kunne. Ka fito da takalmin ka zagaya gari da shi, in zai ci maka ƙafa ya ci tun a nan. In direbobi sun ce makon nan hanya ba daɗi, ka tura jakar ƙarƙashin gado yadda take a ɗaure, ka koma tasha mako mai zuwa. Nuwamba kwana 30 ce.